Ilaktirod mai hujewa cikin awa huɗu: nazarin wata bindigar falasma a Kudenda

A unguwar masana'antu ta Kudenda, kudancin Kaduna, akwai wata ƙaramar masana'antar narka ƙarfe da ke sayen gwangwan tana zuba shi ya zama kayan injin niƙa da murfin kwalbati. Tanderunta irin na tsaye ne mai cin gawayin kok, amma an haɗa masa bindigar falasma, na'ura mai ratsa iska da harshen wutar lantarki har ta yi zafi matuƙa, da aka sayo kwance daga waje, domin ta zafafa iskar da ake hura wa tanderun a rage cin gawayi. Bindigar tana aiki da wutar DC, amfiya 500 a kan bolt 400, wato kilowat 200.

Ginin bindigar ba shi da wuyar ganewa. Bututu biyu ne na jan ƙarfe a jere, su ne ilaktirod ɗin bindigar, ɗaya a baya ɗaya a gaba, da ɗan tsagi a tsakaninsu inda iskar kwamfaresa ke shiga a karkace tana juyawa kamar guguwa. Na bayan shi ne nagetib, na gaban fozitib. Harshen wutar lantarki, irin wanda mai walda ke gani a bakin ilaktirod ɗinsa amma mai tsawo, yana miƙe a tsakiyar bututun, sai kowane ƙarshensa ya lanƙwasa ya taka bangon jan ƙarfe daga ciki. Wannan wurin takawar, da za mu riƙa kira ƙafar wuta, shi ne inda ake cin ilaktirod. Na bayan faɗin cikinsa milimita 40 ne, kaurin bangonsa milimita 6. Ruwa yana gudu a bayansa ta cikin wata riga ta ƙarfe, a bayan rigar kuma akwai koyil mai samar da maganaɗisu. Na gaban ma yana da nasa koyil.

Wata rana aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, janareta ya karɓa amma famfon ruwa bai tashi ba. Koyil ɗin baya ya ƙone, rigar ruwa ta lanƙwashe. Aka kai koyil wurin mai naɗi, aka kai rigar Panteka aka sassaƙo sabuwa. Daga ranar, ilaktirod ɗin baya da a da yake yin kwanaki sai ya koma hujewa cikin awa huɗu, ruwa ya tsiyayo cikin bindiga, wuta ta mutu, ƙarfe ya daskare a tanderu. An canza ilaktirod uku a mako guda. An zargi jan ƙarfen, an zargi raktifaya, wato na'urar da ke mayar da wutar layi zuwa DC, an kuma ƙara wa koyil wuta daga amfiya 30 zuwa 40, abin ya ƙara lalacewa.

Abin da ilaktirod ɗin da ya mutu ya faɗa

Kafin a taɓa komai, an tsaga ilaktirod ɗin gida biyu a tsaye da zarto. Lafiyayyen ilaktirod cikinsa yana da baƙin ɓawo siriri, sumul, mai faɗin yatsu uku ko huɗu. Wannan kuwa zobe ne guda mai faɗin kusan milimita 10, kuma zoben bai ci daidai ba: a gefe ɗaya akwai ramuka uku masu sheƙi, gefensu da narkakken jan ƙarfe da ya taru ya daskare kamar ɗigon kyandir, na tsakiyar shi ne ya huje. Bayan bututun, inda ruwa ke bi, ya yi ja-ja-ja da tsatsa da laka, har ana kankare shi da farce.

Sikeli ya nuna ya rasa giram 36 cikin awa huɗu, giram 9 ke nan a awa. Masu wannan sana'a ba da awa suke auna cin ilaktirod ba, da yawan wutar da ta ratsa shi suke aunawa. Amfiya ɗaya a daƙiƙa ɗaya ita ce kulom ɗaya, saboda haka amfiya 500 a awa guda kulom miliyan 1.8 ne. Raba giram 9 da wannan, a sami mikirogiram 5 a kowane kulom. Jan ƙarfe a cikin iska, idan ƙafar wuta tana gudu yadda ya kamata kuma bango yana da sanyi, yana zama a wajen mikirogiram 1 zuwa 2. Amma ramukan sun fi sikelin faɗin gaskiya. Rami yana nufin ƙafar ta tsaya wuri ɗaya, kuma dukkan aikin maganaɗisu a bindigar shi ne hana ta tsayawa.

Dalilin da ya sa gudu ke ceton jan ƙarfe

Amfiya 500 ɗin nan gaba ɗaya tana shiga bango ta wurin da bai wuce milimita ɗaya ba. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, kuma zafin da ke sauka a ɗigon nan yana iya kai fuskar ƙarfen ga narkewa cikin mikirosakan goma sha wani abu zuwa ashirin (mikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa). Babu ruwan da zai iya kwashe zafi da wannan saurin. Mafita ita ce ƙafar ta bar wurin kafin lokacin ya cika.

Duk inda wutar lantarki ta ratsa layukan maganaɗisu a gicciye, ana samun turi zuwa gefe, shi ne ƙarfin da ake kira da sunan Lorentz, kuma da shi injin lantarki irin na fanka ko famfo ke juyawa. Koyil yana shimfiɗa layukansa a tsawon bututu, ƙarshen harshen wuta kuma yana fita daga tsakiya zuwa bango, don haka turin ya zama na zagaye. Lissafinsa: amfiya 500, sau tsawon lanƙwasar mita 0.02, sau ƙarfin maganaɗisu tesla 0.06, ya ba da niyuton 0.6, nauyin kusan giram 60. Kaɗan ne a hannu, amma harshen wuta iska ce mai zafi marar nauyi, turin nan yana kai shi gomman mitoci a daƙiƙa. A ɗauki mita 60 a daƙiƙa. Zagayen cikin bututun milimita 126 ne, ƙafar za ta kewaya kusan sau 480 a daƙiƙa, ta wuce kowane ɗigo cikin mikirosakan 17, ta ba shi kusan milisakan 2 ya huce kafin ta dawo. Idan gudun ya faɗi zuwa mita 5, zaman ya koma mikirosakan 200, kowane taku sai ya bar narkakken wuri.

Dabarar ta tsufa. Tun 1903 Birkeland da Eyde a Norwe suka yi amfani da maganaɗisu suna baza harshen wuta tsakanin bututun jan ƙarfe masu ruwa a ciki domin haɗa takin zamani daga iska, suka kafa masana'anta a Notodden a 1905. Na'urorin yanke wuta na layin 11kV da 33kV masu kwalbar da ba iska a ciki su ma da wannan hikimar aka yanka bakinsu, ko dai a zagaya da harshen ko a baza shi.

Akwai abu na biyu da ake yawan mantawa. Lokacin da ƙafa za ta iya zama kafin narkewa ya dogara ne da ratar da ta rage tsakanin zafin bango da digiri 1,085, kuma ba kai tsaye ba, sai an ninka ratar da kanta. Bango mai digiri 200 yana da ratar 885. Mai digiri 600 yana da 485. Ratar ta ragu da ƙasa da rabi, amma lokacin da aka yarje wa ƙafa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Gudun da ya isa a bango mai sanyi ba ya isa a bango mai zafi. Don haka duk wanda ya duba maganaɗisu bai duba ruwa ba, rabin bincike ya yi.

Laifi na farko: an juya koyil

Mai naɗin ya yi aiki mai tsabta. Waya geji 12, zagaye 200 a hawa bakwai, tsawo milimita 80, matsakaicin faɗi kusan 90. Mita ta nuna om 0.18, daidai da wayar mita 56 da ɗoriya. A amfiya 30 lissafi yana ba da tesla 0.063 a tsakiya. Tsohon koyil ɗin ya ƙone har ba a gane farkonsa da ƙarshensa, sai ya ɗauki na gaba ya kwaikwaya, aka kuma haɗa wayoyin biyu iri ɗaya. Kowa zai ga hakan shi ne daidai, kuma nan ne kuskuren yake. A ilaktirod ɗin gaba wuta tana fitowa ne daga bango zuwa tsakiya, a na baya tana tafiya daga tsakiya zuwa bango. Maganaɗisu mai fuska ɗaya zai juya ƙafafun biyu zuwa ɓangarori mabambanta. Iskar kuwa hanya ɗaya take juyawa. Domin ƙafafun biyu su bi iska, dole koyil ɗin baya ya saɓa wa na gaba. Da aka daidaita su, iska tana tura ƙafar baya dama, maganaɗisu yana tura ta hagu.

Da maganaɗisun yana da cikakken ƙarfinsa, da ya rinjayi iskar ya juya ƙafar ta baya, a ci ilaktirod fiye da kima amma ba a yi rami ba. Abin da ya kawo ramin shi ne laifi na biyu.

Laifi na biyu da na uku: riga guda

Rigar asali ta sitenles ce samfurin 304, wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Sabuwar da baƙin ƙarfe aka yi ta, saboda shi ya samu a kauri da faɗin da ake so. Gwajin bai wuce daƙiƙa biyu ba: an ɗora maganaɗisun tsohuwar sifika a jikinta ya manne. Baƙin ƙarfe tsakanin koyil da ilaktirod yana jan layukan maganaɗisu su bi ta cikin jikinsa, ya bar cikin bututu da ragowa. (Ko a sitenles ɗin ma a kula, samfurin 430 yana kama maganaɗisu, ba kowane ƙarfe mai sheƙi ya dace ba.)

An auna da ɗan firikwensin Hall, na'urar auna ƙarfin maganaɗisu, mai lamba SS49E da aka ɗaure a kan sandar roba. Idan aka ba shi bolt 5, yana nuna 2.5 in ba maganaɗisu, yana kuma gusawa da kusan milibolt 1.4 a kowane gaus. Tesla 0.063 gaus 630 ne, ya kamata mita ta gusa da kusan bolt 0.88. Da rigar a ciki ta gusa da 0.25 kawai, kusan tesla 0.018. Wayar hannu ba ta yin wannan awo, kamfas ɗinta yana cika tun ba a kai ko'ina ba. To, raunannen maganaɗisu mai tura ƙafa hagu ya haɗu da iska mai tura ta dama, suka kusa yin kunnen doki. Ƙarin amfiya 10 da aka yi da niyyar gyara shi ya ƙara kusantar da su, ƙafar ta sami wurin zama.

Mai sassaƙar kuma ya buɗa cikin rigar daga milimita 54 zuwa 58, da kyakkyawar niyya, wai ruwa ya sami hanya. Bindigar tana zuba kusan kilowat 50 a ruwa, famfo yana ba da lita 72 a minti, ruwan yana fita da ƙarin digiri 10. A ratar milimita 1 ta asali tsakanin riga da ilaktirod ruwan yana gudun mita 7.2 a daƙiƙa. A ratar milimita 3 ya koma 2.3. Yawan ruwan bai canza ba, ma'aunin zafinsa a fita bai canza ba, shi ya sa babu wanda ya yi zargi. Amma saurin gogar bango shi ke kwashe zafi, kuma wannan ya faɗi fiye da rabi. Ruwa mai tafiyar hawainiya a kan bango mai zafi yana fara tafasa, kumfar tururi ta shiga tsakaninsa da ƙarfe.

Sai tsatsar. Ruwan daga buɗaɗɗen tanki yake, wanda ƙurar hunturu ke sauka a ciki, ga baƙin ƙarfen rigar yana zuba tasa tsatsar. Jan ƙarfe yana wuce da zafi kusan wat 390 a mita a digiri, irin wannan dattin kuwa bai fi 2 ba. Ɓawo mai kaurin milimita 0.2 yana tare zafi fiye da ninki shida na dukkan bangon milimita 6. A inda zafi ke ratsa bango da megawat 3 a murabba'in mita, wannan ɓawon kaɗai yana ɗaga zafin bango da digiri 300.

Gyaran

An sassaƙo riga ta 304 mai cikin milimita 54, da ƙananan tudu uku a kowane ƙarshe don ilaktirod ya zauna a tsakiya, domin in ya jingina gefe ɗaya, can ruwa zai ƙi bi. An rufe zagayen ruwan, aka cika shi da tataccen ruwa irin na batir, da matatar mikiron 50 kafin bindiga, tsohon tankin ya koma sanyaya shi ta bayan bututu. Tataccen ruwa yana da amfani na biyu: ilaktirod biyun suna da bambancin bolt 400, ruwa mai gishiri-gishiri yana ɗaukar wuta tsakaninsu yana cin ƙarfe a hankali.

Fuskar koyil ba a bar ta ga lissafin yatsu ba, don nan ake ruɗewa. An naɗa siririyar waya zagaye hamsin, aka manna ta a jikin bindiga saitin ƙafar, aka haɗa da osiloskof, na'urar da ke nuna bugun lantarki a kan allo. Duk wucewar ƙafar tana bayyana. A kula da bugun 300 a daƙiƙa, wannan na raktifaya ne mai bugu shida a kan wutar layi mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, yana nan ko an kashe koyil. Wanda ke hawa idan an ƙara wa koyil wuta shi ne na juyawa. An kunna na minti ɗaya a amfiya 200, aka kashe, aka musanya wayoyin koyil, aka sake. Haɗin da ya ba da bugu mai yawa kuma mai tsari shi ne daidai. An yi wa wayoyin fenti ja da baƙi, aka buga kibiya a jikin bindiga.

Mai masana'antar da ya ga amfanin maganaɗisu sai ya nemi a ninka shi. An nuna masa dalilin da ya sa ba za a yi ba. Gudun ƙafa ba ya ninkuwa da ninkin maganaɗisu, yana ƙaruwa ne da kusan rabi kawai. Zafin koyil kuwa zai tashi daga wat 160 zuwa kusan 650, wayar geji 12 ba za ta ɗauka ba. Mafi muhimmanci, gwaje-gwajen da masu bincike na Minsk a Belarus da na Campinas a Barazil suka yi a shekarun 1990 sun nuna cewa ƙarin maganaɗisu yana matse wutar a ƙaramin wuri, yana kuma ƙara zafin da bango ke sha, har a kai inda cin ilaktirod ke daina sauka ya fara hawa. Hanyar gano wurin tsayawa ita ce sikeli: a gudu awa biyu a amfiya 20, a auna, awa biyu a 30, a auna, haka a 40, da sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, kuma a busar da ilaktirod kafin a ɗora. Aka tsaya a 30.

Ramuka sun ɓace, amma aiki bai ƙare ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa su yi asara. Ƙafa mai gudu a zobe ɗaya tana yanka bututu ne kamar yadda mai yankan fayif ke yi, a hankali dai. A zobe mai faɗin milimita 10, in za a ci milimita 4 a bar 2, jan ƙarfen da ake da shi giram 50 ne kacal. Ko an sauko zuwa mikirogiram 1 a kulom, giram 1.8 a awa, awa 27 ne a jefar da ilaktirod da kusan duk jikinsa sabo. Idan aka baza cin a kan milimita 60, giram 300 ne, lissafin ya haura awa 160. Ribar da ke cikin bazawa ta fi ribar da ke cikin ƙarin gudu nesa ba kusa ba.

Ƙafar tana zama ne inda turin iska a tsawon bututu ya daidaita da na maganaɗisu, saboda haka gusar da ɗayansu yana gusar da ita. Manyan bindigogi suna yin haka da kansu, ta hanyar sauya wutar koyil ko matsin iska a kai a kai. A nan an ɗora koyil a kan sanduna biyu na tagulla masu zare, ana matsar da shi milimita 10 bayan kowace awa takwas, daga baya zuwa gaba, sannan a dawo. Kowace matsawa ana rubuta ta a littafi tare da awa da amfiya. Iyakar gaba ita ce milimita 15 kafin tsagin iska, in ƙafa ta wuce nan tana lasar abin da ke raba ilaktirod biyun. Iyakar baya kuma kada ta kai murfin ƙarshe, inda ruwa ba ya gudu sosai.

An hana zuba ilaktirod daga narkakkiyar jar waya, duk da sauƙin kuɗinta. Zubin gida yana barin ƙananan kofofin iska a ciki, kuma ɗan gaurayen tagulla yana iya sauke wucewar zafi zuwa kashi ɗaya cikin uku. Sandar jan ƙarfe marar iskar oksijin, C10200 ko C10100, ita ake sassaƙawa. Kada kuma a goge cikin ilaktirod da sanfefa tsakanin aiki don ya yi kyau. Siririn baƙin ɓawon nan yana taimaka wa ƙafa ta zame, gwajin da aka yi a Jami'ar McGill ta Kanada a shekarun 1980 ya nuna harshen wuta yana tafiyar hawainiya a kan tsabtataccen jan ƙarfe cikin iskar agon, cin ya yi yawa. Abin da ake cirewa shi ne ɓawo mai kauri da ke ɓarewa, da baƙin man kwamfaresa.

Daga ƙarshe aka koma kan abin da ya fara jawo komai. An jera makullai uku a layin kunna raktifaya: na gudun ruwa, na matsin iska, da na wutar koyil, in ɗaya ya buɗe wuta ta mutu nan take. Makullin ruwan na gudu ne, a bututun fita, ba na matsi ba, domin toshewa ma tana ɗaga matsi. Kunnawa ruwa ne farko, sai iska, sai koyil, sai wuta, kashewa kuma a juye, a bar ruwa yana gudu minti biyar. An sa diyod a gicciyen koyil don ya sha bugun da ke tasowa in an yanke masa wuta. An kafa tankin lita 500 a kan gini, da bawul mai buɗewa da kansa in wuta ta ɗauke. Raktifaya ba ya dawowa bayan canji zuwa janareta sai mutum ya danna da hannu.

Abin da ya rage shi ne iskar. Daga Mayu zuwa Oktoba tankin kwamfaresa yana tara ruwa, kuma bindigar ba ta da na'urar busar da iska, sai matata ɗaya da bawul ɗin zubarwa a gindin tanki. Kafin a sayi na'urar, ana zubar da ruwan tankin kowace awa biyu a damina, ana kuma zare ilaktirod bayan kowace awa 24 a auna nauyinsa da zurfin cinsa. Ranar da bango ya sauka zuwa milimita 2 a kowane wuri, ana cire shi ko da bai tsiyaya ba.